Adire, Alabela da Kampala: Nazari kan Sunayen Rinin Yarbawa

A cikin sana'o'in hannu da Yarbawa suka yi fice da su a kudu maso yammacin Nijeriya, da wuya a sami wadda sunayenta suka adana tarihinta kamar rinin zanen da ake kira adire, wato yadin auduga wanda ake kare wasu sassansa daga ruwan rini kafin a tsoma shi, ta yadda wuraren da aka kare za su fito da ado bayan rini ya kama sauran. Kalmar ta samu ne daga aikatau biyu na Yarbanci, di wanda ke nufin ɗaurewa, da re wanda ke nufin rinawa, saboda haka ma'anarta ta asali ita ce abin da aka ɗaure aka rina. Sunan bai ambaci launi ba, bai kuma siffanta zanen ba. Ayyuka biyu kawai ya jera bisa tsarin da ake yin su, ɗauri a gaba, rini a baya. Duk muhawarar da aka yi a kan wannan zane cikin shekara ɗari da suka wuce, tun daga rigimar sinadaran rini a Abeokuta har zuwa kukan da masu sana'ar ke yi a yau kan yadin da inji ke bugawa, idan aka bi diddiginta za a tarar tana komawa ga tambaya ɗaya: shin adire sunan aiki ne, ko kuwa sunan kama?

Yarbanci yana da ɗafin oni, wanda yake daidai da "mai" a Hausa, kuma yakan rikiɗe ya koma al ko el gwargwadon wasalin da ya biyo shi, kuma da wannan ɗafi ne aka bambance nau'o'in adire guda huɗu. Adire oniko shi ne mai iko, wato zaren ganyen tukurwa da ake ɗaure yadin da shi tamau, wani lokaci a ƙunsa tsakuwa ko ƙwayar hatsi a cikin ƙullin domin a sami da'irori ƙanana da manya. Adire alabere shi ne mai allura, inda ake ɗinke yadin da hannu ko da keke, a tsuke zaren, a rina, sannan a farke ɗinkin. Adire eleko shi ne mai eko, kalmar da asalinta ke nufin agidi amma aka ara wa ƙullun garin rogo da ake dafawa da alif, a zana shi a kan yadin da gashin kaza, ko a shafa shi ta cikin farantin kwano da aka yanke wa siffofi. Na huɗu, wanda shi ne auta a cikinsu kuma shi ne ya fi alaƙa da launuka masu yawa, shi ne adire alabela, mai kyandir, wanda ake kare yadinsa da narkakken kaki. A nau'o'i biyun ƙarshe babu ɗauri ko na ƙulli ɗaya, amma Yarbawa ba su raba su da sunan adire ba, abin da ke nuna cewa tun da wuri ma'anar di ta faɗaɗa daga ɗaurewa zuwa hanawa, ta ƙunshi duk wata dabara da hannu zai bi ya tare wa rini hanya.

Sunayen huɗu sun haɗu a kan abu guda: kowannensu yana ambaton abin da ya hana rini shiga, babu wanda ya ambaci rinin kansa. Bahaushe ya saba kallon rini a matsayin abin da ke rufewa, shi ya sa ya ce da ma an san a rina, an saci zanen mahaukaciya, domin ɓarawo yana rinawa ne ya ɓatar da kama. Haka kuma abin alfaharin marinan Kano da na Kura, ko da yake su ma suna rina zanen ɗauri, shi ne turkuɗi da rawanin ɗan Kura, waɗanda ake so shuni ya cika su ko'ina, a kai su mabuga a buga har su riƙa ƙyalli. A wajen mai adire lissafin ya juya, domin adon yana nan ne a wurin da rini bai taɓa ba, kuma gwanintarta ita ce ta san tun yadin yana fari fat inda za ta bari da inda za ta hana. Wannan ya sa aikin ya kasu tsakanin hannu biyu masu suna daban: aladire, mai tsara ado, da alaro, mai tukunyar aro, wato ruwan rini. Duka biyun a al'adance mata ne, kuma a cikin manyan tukwanen ƙasa suke rini a tsakar gida, saɓanin ƙasar Hausa inda rini sana'ar maza ce da ake yi a ramukan karofi irin na Ƙofar Mata.

Kafin zuwan kaki da sinadarai, launin adire ɗaya ne, kuma daga ganyen elu ake samun sa, wata itaciya mai yaɗo da Hausawa ke kira talaki, wadda ta bambanta da baban da marinan arewa suka fi dogara da shi ko da yake shunin da ke cikinsu iri ɗaya ne. Ana daka ɗanyen ganyen a cura shi a shanya, sannan a jiƙa shi cikin ruwan toka a bar shi kwanaki har ya ruɓa, domin shuni ba ya narkewa a ruwa sai ruɓa ta sauya yanayinsa. Yadin da aka ciro daga tukunya yakan fito da launin kore-kore, iska ce ke mayar da shi shuɗi a kan idon mai rini, kuma da yawan tsomawa da shanyawa ne launin ke ƙara duhu. Yarbanci, kamar Hausa, yana da kalmomin launi uku na tushe, dudu da pupa da funfun, waɗanda suka yi daidai da baƙi da ja da fari, sai dai dudu ta ƙunshi duk launi mai duhu har da shuɗin da ya ƙoshi da rini. Tsohon adire, ke nan, zane ne da kalmomi biyu daga cikin ukun suka ishe shi bayani, kuma duk yalwar da ke cikinsa ta siffa ce da zurfin launi. Garin Oshogbo ya shahara da wannan rini har ana yi masa kirari da ilu aro, garin rini, yayin da Ibadan ta yi suna a zanen hannu na eleko, Abeokuta kuma, wadda Egbawa suka kafa a 1830, ta zama cibiyar ciniki, musamman a unguwar Kemta da kasuwar Itoku.

Da yake launi bai yi yawa ba, sai ma'ana ta koma cikin siffofi, kowane tsari da sunansa. Mai eleko takan raba yadin gida-gida, ta cika kowane gida da tsuntsu ko ƙadangare ko ganye ko cokali, kuma haɗuwar gidajen ce ke ba zanen sunan da za a neme shi da shi a kasuwa. Akwai Ibadandun, ma'ana Ibadan da daɗi, wanda ake ganewa da ginshiƙan zauren Mapo da aka kammala a 1929. Akwai Olokun, mai sunan abar bautar teku a addinin gargajiyar Yarbawa, wadda ake dangantawa da dukiya. Akwai Eyepe, wato tsuntsaye sun cika. Akwai kuma Oloba, mai sarki, wanda aka kwaikwayo daga hotunan bikin cikar Sarki George na Biyar na Ingila shekara 25 a kan gado a 1935, aka yi ta sake shi shekara da shekaru har fuskokin sarkin da matarsa Mary suka zama siffar ado da ba a damu da ko su wane ne ba. Littafin da Jane Barbour da Doig Simmonds suka shirya, wanda Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ibadan ta buga a 1971, ya taskace da yawa daga waɗannan sunaye a daidai lokacin da masu riƙe da su suka fara raguwa.

Waɗannan misalai kaɗai sun isa su sa a yi hattara da kalmar gargajiya idan ana maganar adire. Rinin shuni da ɗaurin zane tsofaffi ne a ƙasar Yarbawa, amma bunƙasar adire a farkon ƙarni na 20 ta dogara ne a kan farin yadin masaƙun Ingila da kamfanonin Turai suka cika kasuwa da shi, domin santsinsa ne ya ba da damar zana siffofi sirara da saƙar hannu mai kauri ba za ta karɓa ba. Farantan da maza ke yankewa don shafa ƙullu, daga ƙarfen da ake liƙa wa akwatunan shayi aka fara samun su. Shunin kanti kuwa, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, ya iso tukwanen Abeokuta tare da soda mai ƙuna a tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, ya rage kwanakin jiran ruɓar ganye, ya kuma buɗe ƙofa ga sababbin shiga da ba su ƙware ba, har masu saye a ƙasashen Afirka ta Yamma suka fara ƙorafin cewa yadin yana zuba kuma yana saurin ruɓewa. A 1936 Alake, sarkin Egba, Ademola na Biyu, ya haramta amfani da sinadaran, matan da ke rini suka yi tsaye suka ƙi, lamarin da masaniyar tarihi Judith Byfield ta bi diddiginsa a littafinta na 2002. Haramcin bai ɗore ba. Abin da aka yi jayayya a kansa a lokacin shi ne ko zanen da aka rina da sinadari ya cancanci mutuncin sunan, kuma kasuwa ta yanke hukunci cewa muddin hannu ne ya hana rini shiga, sauyin abin da ke cikin tukunya bai kore sunan ba.

Kare yadi da kaki dabara ce da ta kai maƙura a tsibirin Jawa na Indonesiya, inda ake kiran ta batik, kuma ta iso Afirka ta Yamma ta hanya biyu da bai kamata a gwama su ba. Ta farko ita ce ta masana'antun Holan da Ingila, irin su Vlisco da aka kafa a garin Helmond a 1846, waɗanda suka kwaikwayi batik da inji suka samar da atamfa, wadda Yarbawa ke kira ankara. Ta biyu ita ce ta hannu, wadda ta yaɗu a garuruwan Yarbawa daga shekarun 1960, lokacin da sinadaran rini masu launi iri-iri suka wadata a kasuwa. Haɗuwar kaki da launuka masu yawa tana da dalili na aiki. Ƙullun rogo a fuska ɗaya ta yadi yake zama, kuma yana jiƙewa ya saki idan ya daɗe a ruwa, don haka ba ya jure wanka da sake rini sau da yawa. Kaki kuwa yana ratsa zaren ya fito ta baya, ruwan sanyi ba ya narkar da shi, ana kuma iya ƙara wani a kan wani. Mai alabela yana narkar da kyandir a kasko, ya tsoma hatimin katako ko soson katifa da aka yanke wa siffa, ya danna a kan yadin da aka shimfiɗa a tebur, ko ya zana da burushi, ko ya yayyafa da tsintsiya. Ruwan rinin da ake haɗawa da soda da wani gishirin sinadari mai sa launi ya narke dole ne a bar shi ya huce, domin kakin kyandir yana fara narkewa da zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60.

Tsarin launukan yana da ƙa'ida da ba ta karyuwa, wato daga mai haske zuwa mai duhu. Kakin farko yana adana fari. A tsoma yadin a rawaya, a shanya, a rufe wuraren da ake so su zauna rawaya da kaki na biyu. A tsoma a ja, wanda zai hau kan rawayar da ba a rufe ba ya ba da ruwan goro. A sake rufewa, a ƙare da shuɗi mai duhu ko ruwan ƙasa. Kowane launi yana hawa ne a kan na ƙarƙashinsa yana gauraya da shi, saboda haka wanda yake son kore sai ya tuna cewa shuɗi a kan rawaya ne zai ba shi, kuma kuskuren da aka yi a tsomi na biyu ba ya gyaruwa a na huɗu. A ƙarshe ana dafa yadin a tafasasshen ruwa, kakin ya taso sama a kwashe shi don wani aikin, sannan ne ake ganin zanen gaba ɗaya a karo na farko. Siraran jijiyoyin launi da ke ratsa wuraren da aka rufe suna samuwa ne daga tsagewar busasshen kaki lokacin da ake juya yadin a ruwa, kuma abin da ya fara a matsayin aibi ya zama alamar da ake nema har wasu na murje yadin da gangan. Launukan nan sun zarce kalmomin tushe uku na harshen, shi ya sa ake kiran su da sunan abubuwa, kamar launin ganye da launin lemo, ko da kalmomin aro, yadda Hausa ma ta yi da ruwan toka da ruwan ɗorawa da ruwan hoda.

Zanen mai launuka ya zo da sabon suna, kampala, wanda ya ƙunshi na kaki da na ɗauri muddin da sinadarai masu launi aka rina su, kuma shi ne sunan da ya iso kasuwannin arewa ya zauna a bakin Hausawa. Bayanin da ya fi yaɗuwa a tsakanin masu nazarin tufafi shi ne zanen ya yi tashe ne a lokacin taron sulhu tsakanin gwamnatin tarayya da ɓangaren Biyafara da aka yi a Kampala, babban birnin Yuganda, a watan Mayun 1968, sunan birnin da ke ta yawo a rediyo ya manne wa sabon yayi. Laƙaba wa zane sunan abin da ke faruwa tsohuwar ɗabi'ar kasuwa ce, kamar yadda Oloba ya nuna, sai dai a nan an sami bambanci, domin a karo na farko wani nau'i sukutum ya sami suna da ba ya bayyana yadda aka yi shi. Hausawa na cewa suna linzami ne, kuma wannan suna ya ja zanen zuwa ɓangaren yayi, inda sauri da araha da sabon salo suka fi daraja a kan tsarin da aka gada. Zanen eleko na hannu yana cin kwanaki kafin a gama zana shi, na hatimi da kaki kuwa ana iya gama da yawa a yini guda. Maza da matasa suka shigo sana'ar da yawa, aka koma rina shadda da yadin riguna, sunayen tsare-tsare irin su Ibadandun suka ja baya. Tsofaffin masu rinin shuni sun daɗe suna ware kampala daga adire, amma a kasuwar Itoku ta yau kalmomin biyu sun kusa zama ɗaya.

A Oshogbo kakin ya bi wata hanya dabam, ta zane-zanen fasaha. Susanne Wenger, 'yar ƙasar Ostiriya da ta zo Nijeriya a 1950, daga baya ta zauna a garin har rasuwarta a 2009, ta yi manyan zane-zanen kaki masu launuka a kan labaran ababen bautar Yarbawa, kuma ƙungiyar Mbari Mbayo da Duro Ladipo da Ulli Beier suka kafa a 1962 ta zama matattarar matasan da suka ɗauki yadi a matsayin allon zane. Nike Davies-Okundaye, wadda aka haifa a 1951 a Ogidi ta jihar Kogi ta yanzu, ta koyi adire tun tana yarinya a hannun iyayenta mata, ta yi suna da batik a ƙasashen waje, sannan ta buɗe cibiyar koyarwa a Oshogbo a 1983 inda ake koyar da tsohon rinin shuni da sabon aikin kaki tare. A wannan hanya zanen ya tashi daga ƙugu ya hau bango, ya kuma riƙa ɗaukar sunan wanda ya yi shi, alhali dubban matan da suka zana Olokun da Eyepe sunan tsarin ne ya rage, nasu ya tafi.

Sauyin da sana'ar ke fuskanta a yanzu ya bambanta da duk na baya. Yadin da ake bugawa da inji, mafi yawansa daga ƙasar Sin, yana ɗauke da hoton ƙulli da na ɗinki da na tsagewar kaki, ana sayar da shi da sunan adire a farashin da mai aikin hannu ba za ta iya sauka zuwa gare shi ba. Mai lura zai gane shi, domin bayansa ya fi gabansa kodewa, kuma jijiyoyin kakin da ya kamata su zama na tsautsayi suna maimaituwa daidai wa daida a kowane taƙi. A sauye-sauyen baya kayan aiki ne suka canza, yadi ko rini ko abin kariya, hanawar tana nan. A wannan kuwa babu abin da aka ɗaure, babu abin da aka hana, babu ma abin da aka tsoma. Gwamnatocin jihohin Ogun da Oshun sun ƙarfafa wa ma'aikata sanya adire a wasu ranakun mako, masu sana'ar kuma sun sha kiran a hana shigo da na inji, amma ranar sanya adire ba za ta amfani mai rini ba idan kalmar ta riga ta koma sunan kama, tunda na inji ma zai cika sharaɗin.

Babu hukumar da ke iya hana kalma sauya ma'ana a bakin jama'a, amma ana iya tsare ta a wurin ciniki, kuma akwai misalai. Indonesiya, wadda hukumar UNESCO ta sanya batik ɗinta cikin gadon al'adun duniya a 2009, tana bambance batik tulis na zanen hannu da batik cap na hatimi, tana kuma ware yadin inji a matsayin mai kwaikwayon adon batik kawai. A Birtaniya dokar majalisa ta 1993 ta kayyade cewa ba a kiran yadi Harris Tweed sai wanda mazauna wasu tsibiran Sukotilan suka saƙa da hannu a gidajensu. Yarbawa ba sa buƙatar aro wannan tunani daga waje, domin tsarin oniko da alabere da eleko da alabela ya riga ya ɗora wa kowane zane nauyin faɗin yadda aka yi shi, abin da ya rage shi ne a mayar da wannan al'ada ta baki ta zama rubutacciyar shaida a gefen yadi, a kuma tilasta wa na inji ya amsa sunan injinsa. Mai saye da aka gaya wa gaskiya yana da 'yancin zaɓar mai araha, kuma da yawa za su zaɓe shi. Amma farashin da zai sa yarinya a Kemta ta ga amfanin zama shekaru tana koyon jeranta launuka daga rawaya zuwa shuɗi ba zai samu ba sai kasuwa tana da kalmar da za ta bambance aikinta da hotonsa.